Nauyin Azariah

A shekarar da aka tashi mutanen Tsibirin Cuddy, kowa da sunan da yake kiran abin. Mutumin hukuma da ya zo da takalminsa mai sheƙi ya ce ba kora ba ce, sauyin mazauni ne. Fasto ya ce ƙaura ce, ai ko a Littafi an yi irinta. Samari suka ce tsamo su aka yi daga kan dutse, don su da ma sun gaji da wurin da ba likita ba lantarki. Tryphena Keeping kuwa, wadda duk tsibirin ke kira Gwaggo Phenie, cewa ta yi cire su ake yi ɗaya bayan ɗaya kamar ruɓaɓɓen haƙori, kuma ba ta sauya baki ba har ranar tafiya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sunan da mutanen Sallow Cove suka raɗa musu tun ba su iso ba, wai 'yan ƙari. A nan ragi, a can ƙari, ita kuwa tana nan Tryphenar da aka sani, da furfurarta da ciwon gwiwarta.

Mutumin wannan gaɓa ta Newfoundland ba ya tafiya ya bar gidansa in dai akwai igiya da maƙwabta. Duk bazarar nan gidajen katako ake ta turawa cikin teku, jiragen kamun kifi suna jansu zuwa ƙetare, har tsibirin ya zama duk giɓi. Na su Keeping ne ya rage na ƙarshe, ga kaka ta yi nisa. Gidan kuwa shi ne iyakar abin da suka mallaka. Lew, ɗan Tryphena, ba shi da wani, matarsa Selina ga tsohon ciki, abin da ke jiransu a Sallow Cove kuma fili ne tsirara, ko itacen kirki babu a kusa. Kowa ya ga abin da ya sami gidan su Snook: ya karkace a tsakiyar ruwa, ana ji ana gani ya kife, abin da aka tsinta daga baya bai wuce na hura wuta ba. Har yanzu su Snook a rumbun kifin wani suke kwana da 'ya'yansu, iska tana shiga ta ko'ina.

Esau Vatcher ne ke shugabantar jan gidaje. Tsoho ne, sa'an marigayi mijin Tryphena, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya tattaro mazan da suka riga suka ƙaura, suka dawo don taimako, aka shiga rage wa gidan nauyi. Aka sauke bututun hayaƙi tubali bayan tubali. Aka fitar da murhun ƙarfe ana nishi. Aka kwashe gadaje, aka zare gilasan tagogin ƙasa.

"Gwaggo Phenie, wannan gangar fa? Kifi ne a ciki ko wani kika gishirta kika ɓoye?"

"Buɗe mana, Esau. In ka ga mai kama da kai ka gaishe shi."

Da aka zo kan doguwar kujerar da ke kusurwar kicin, kusa da inda murhu yake, sai bakin Esau ya mutu. A kanta Azariah, mijin Tryphena, yake miƙewa kullum in ya dawo daga teku, takalma a ƙafa, tana masa faɗa yana minshari. A kanta kuma ya cika, hunturun bara waccan. Esau ya cire hula, ya mayar, ya ce wa Lew, "Kama can." Suka fita da ita. Inda ta tashi, fentin bangon ya fi na ko'ina haske.

Komai yana ɗaukuwa ban da kabari. Fasto ya ce matattu ba sa bukatar a kwashe su, Ubangiji ya san inda ya ajiye kowa. Ita ba ta ja da Ubangiji ba. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa sanin inda safarsa take ba sai ta nuna masa, shi ne za a bari shi kaɗai a kan dutse, ba hayaƙi ba muryar ɗan Adam? Abin ya tsaya mata a rai, ta ci da shi ta kwanta da shi, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar tafiya, kafin maza su gama shayinsu, ta hau tudun maƙabarta tana dafa gwiwa. Ta tsaya a kan kabarin Azariah, ta tsuge ciyawar da ta fito gefen dutsen, don hannunta ba ya iya zama haka nan.

"To, tsoho," ta ce. "Yau gidan zai tafi. Ni ban iya barinka a nan ba, kuma ba mai haƙo ka. In za ka zo, ka taso. Wurinka yana nan, kujerar ce kawai aka fitar."

Ta juya ba ta waiwaya ba. Hanyar tsakuwa ce, kowane taku ana jinsa. Ba ta yi nisa ba ta ji wani takun a bayanta, ƙafa ɗaya tana ja, irin tafiyarsa tun ranar da igiyar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ta murɗe masa idon sawu. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma daɗin ya fi tsoron yawa. Da ta isa ƙofar kicin sai ta buɗe, ta koma gefe ta riƙe ta ɗan lokaci, sannan ta rufe. Selina tana bakin rijiya da bokiti a hannu. Ta ga komai.

Aka jera gumagumai a ƙarƙashin gidan. Aka huhhuda katakon daɓe don ruwa ya shiga ya zaunar da shi, aka ɗaure gangunan mai marasa komai a kewaye. Esau ya ɗaga waƙar ja, maza suka amsa, suka ja. Gidan ya motsa ta gefe guda. Gefen kicin ya ƙi.

"Lew, ubanka da ƙarfe ya gina ɓangaren nan ne?"

"Da abin da teku ta jefo ya gina shi, Kawu Esau, ai tare kuka tsinto."

"To teku ta jefo masa da taurin kai."

Aka yi dariya, aka sake ja. Sai da mata suka kama igiya, har da matar fasto da siket ɗinta na zuwa coci, kafin gidan ya yarda ya gangara. Ya shiga ruwa a hankali, ruwan ya kutsa ta hudojin yana ƙara, ya hau har bakin tagogin ƙasa. A nan ya kamata ya tsaya daidai. Kusurwa uku suka tsaya. Ta kicin ta ci gaba da nutsewa, har gidan ya duƙa ta wannan gefen kamar mai ɗingishi.

Dariya ta ɗauke. Esau ya kutsa ciki, ruwa iya ƙugu. Ana jinsa yana ɓamɓare kantoci, yana miƙo su ta taga. Ya cire ƙofar kicin ɗin ma ɗungurungum, ya tura ta waje aka sa a jirgi. Da ya fito fuskarsa ba yadda ya shiga da ita ba.

"Babu abin da ya rage a kusurwar nan sai ƙusa," ya ce. "Ƙusar ma na zare wadda hannuna ya kai."

"To me ke jansa?" in ji Lew.

 Esau ya sa aka ƙara ganguna a gefen, gangunan suka nutse da shi sai ka ce da yashi aka cika su. Ya sosa ƙeya, ya dubi sama, inda gajimare ya fara taruwa ta gabas. Kowa ya san lissafin da yake yi. In ba a tafi yau ba, ruwa zai janye, iska za ta zo ta zauna, maza su koma ƙetare, gidan ya kwana a teku har ya tarwatse.

"To in ragewa ta ƙi, sai ƙari," ya ce. "Ku ɗebo duwatsu, a zuba a ɗaya gefen."

Tryphena tana tsaye a bakin gaɓa tana kallon maza suna miƙa wa juna duwatsu. Ta san abin da ke jan gidan, tun daga jan farko ta sani. Ta ce wa kanta ai da Azariah zai mutu ya rame, ba shi da wani nauyi. Ta ce wa kanta ai ƙetaren ba nisa, a daure kaɗan a isa. Ta yi shiru, kuma shirun nan son kai ne, ita ma ta san haka. Gidan ya ɗan miƙe, amma ya ƙara nutsewa gaba ɗayansa, har tagogin ƙasa suka kusa ɓacewa. Esau ya yi tsaki, ya ce a ja haka.

Manyan jiragen suka shiga gaba da igiyoyi. Na Esau yana bin gidan a gefe, da Lew da matan biyu da tarin kaya. Tryphena ba ta juya ta kalli tsibirin ba kamar yadda sauran mata suka yi ta yi da kuka a tafiyarsu. Ita idonta yana kan kusurwar kicin, ranta kuwa fari tas, don a ganinta ba ta bar kowa a baya ba.

Sun yi tsakiya, inda tsibiri da ƙetare suka yi nisa ɗaya, iska ta juyo. Ba wata babbar iska ba ce, irin wadda a ranar kamun kifi ko hula ba za a gyara dominta ba. Amma duk igiyar ruwan da ta zo, kusurwar kicin sai ta nutse, ta daɗe kafin ta ɗago, kuma ba ta komawa inda take. Can ciki aka ji duwatsun sun gungura.

Esau ya tofar da yawu a ruwa. "Lew, ka ji ni da kyau. In ruwa ya taɓa tagar sama ta gefen nan, zan ce su sare igiya. Ba zan ba teku gida in haɗa mata da jirage ba."

 Lew ƙato ne, hannunsa duk kanta, amma leɓensa rawa yake yi irin ta lokacin da yake yaro in an kusa dukansa. Uwar ta kau da kai.

Selina ta matso, ta zauna kusa da ita a kan buhun dankali, tana tallafe da cikinta.

"Inna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ga kin riƙe ƙofa da safe."

"Iska nake sha."

"Ni ban ce kin yi laifi ba. Da ni ce, ƙila abin da zan yi ke nan." Ta dubi gidan. "Amma a ina zan haihu, Inna?"

Haushi ya turnuƙe Tryphena. Ta so ta ce wa yarinyar nan da aka auro jiya-jiya ta kama bakinta, gidan da take magana a kai da hannun wa aka gina shi? Amma maganar ba ta fito ba, don haushin na gaskiya ne da aka faɗa mata a ido. Ta miƙe tana dafa kaya ta isa wurin Esau.

"Ka juya da gidan. Mu koma bakin tsibiri, akwai abin da zan sauke."

"Gwaggo Phenie, gida ba kwalekwale ba ne. In na ba iskar nan gefensa, shi ke nan an gama."

"To ko kusa da duwatsun can, inda mutum zai iya taka ƙasa."

Ya daɗe yana kallonta. Shi ma ya tsaya a kusurwar nan ɗazu, ya ji abin da ya ji.

"Phenie," ya ce, ya ajiye gwaggon a gefe. "Babu ƙasa a nan. Abin da za ki yi, ki yi shi yanzu."

Ya karkata jirgin ya manna shi da gefen da ya ɗago. Lew ya riƙe hannunta.

"Ina za ki, Inna? Me ke ciki? In wani abu ne ni zan shiga."

"Ba zai ji maganarka ba. Ɗaga ni, kuma kada ka biyo ni."

Ya ɗaga ta, don bai taɓa iya musu da ita ba, ta shiga ta tagar sama. Ɗakin kwananta ne, babu komai a ciki, daɓen ya gangare. Ta bi bango har bakin matakala. Rabin matakalar ruwa ya cinye. Ta sauka, ruwan ya kama gwiwa, ya kama ƙugu, da ya kai ƙirji sanyinsa ya ɗauke mata numfashi, sai da ta riƙe ƙarfen matakala ta jira ya dawo.

Kicin ɗin ya yi wani haske kore-kore. Ruwa yana ta kai-komo, yana dukan bango, 'yan guntayen katako da wani cokalin itace da aka manta suna yawo a kai. Amma a kusurwar, ruwan kwance yake lumui, ko motsi ba ya yi, kuma duk abin da ya yo wajen sai ya kauce. Ƙanshin tabar lofensa ya cika wurin, ya danne warin gishiri.

"Tsoho," ta ce. Muryarta ta fito siririya. "Ba za mu kai ba da kai. Ka yi nauyi."

Ruwan kusurwar bai motsa ba.

"Gidan yaron nan ne yanzu. Jikanka a nan za a haife shi, in an bar shi ya isa. Ka yi haƙuri ka tashi."

Gidan ya yi wata ƙara, ya ƙara duƙawa, ruwan ya hau mata har wuya. Ta ji Esau a waje yana kiran jiragen gaba su shirya gatari. Da ma ta sani, lallashi bai taɓa tayar da Azariah daga wurin nan ba. Murya ɗaya ce take tayar da shi, ta ranar wankin daɓe, wadda takan yi masa da tsintsiya a hannu, shi yana ƙunƙuni ita tana ɓoye dariya. Yau babu dariya a ciki. Ta tattaro ta daga inda take, tana jin kamar ranta ake zarewa.

"Azariah Keeping, tashi ka fitar min daga kicin. Ba na son ganinka a nan. Ba wurinka ba ne. Fita."

Ruwan kusurwar ya yi yamutsi. Wani abu ya taso daga wurin, mai nauyi, a hankali, yana turo ruwa a gabansa yadda mutum yake yi in yana ratsa shi, gefe ɗaya yana ja. Da ya zo daidai ita sai ya tsaya. Ba ta ga komai ba, amma ta ji ɗumi a kafaɗarta, a cikin wannan sanyin. Sannan ya wuce, ya nufi inda aka cire ƙofa, inda babu komai a bayansa sai teku, baƙa ƙirin zuwa ƙasa. A bakin ƙofar ya sake tsayawa, ya daɗe. Ta san jira yake ta ce wasa take yi. Ta toshe bakinta da hannu biyu, ta cije tafin, har ya fita.

Gidan ya yi nishi tun daga tushe har rufi, ya ɗago. Ruwa ya sauka mata daga wuya zuwa ƙirji. A waje maza suka kaure da shewa.

Ba ta san yadda ta hau matakalar ba. Lew ne ya ciro ta ta taga, ya naɗe ta da rigarsa, yana dariya yana share ido.

"Inna, me kika cire? Kawu Esau ya ce babu komai a wurin. Me kika samu?"

"Ku shiga ku watsar da duwatsun nan," ta ce. "Ba a bukatarsu."

Esau bai tambaye ta komai ba. Ya miƙo mata shayin da ya rage a butarsa, ya juya ya kama aikinsa, hularsa a hannu. Selina ta riƙe yatsunta tana murzawa don su yi ɗumi. Aka zubar da duwatsun, gidan ya taso ya zauna daram, jiragen suka ja shi ba wata wahala. Ana jiyo wani daga gaba yana cewa bai taɓa jan gida mara nauyi irin wannan ba.

Sai a lokacin Tryphena ta juya ta fuskanci baya. Tsibirin ya zama ɗan tsiririn abu a ƙarshen ruwa. Mazan Cuddy ba sa koyon iyo, sukan ce a ruwan sanyi irin nasu iyo wahala kawai yake tsawaita wa mutum. Azariah ma bai iya ba. Ya yi rayuwarsa duka a kan teku yana tsoronta, ita kaɗai ta san haka, don ita take jinsa in ya farka yana haki. Ranar da zai cika ya yi mata 'yar dariya, ya ce ya dai tsere wa ruwa, a bushe zai kwanta. Ita ce ta je ta taso shi daga busasshiyar ƙasarsa, ita ce kuma ta sauke shi a nan. Baƙin cikin ya zo mata gaba ɗaya, ya fi na ranar jana'iza, har ta kasa kuka.

Lew yana gaba yana nuna wa matarsa hayaƙin Sallow Cove. Tryphena ta zuba ido a kan ruwan da ke tsakaninta da tsibirin, tana auna wa mai ɗingishi nisansa, ba ta ɗauke kai ba har tsibirin ya ɓace.